Daga Kujerar Sarki Zuwa Bayan Gida: Tarihin Wata Kalma

  

Kafin mu shiga magana, muna neman gafarar dattawa da malamai da surukai, domin abin da za mu taɓo yau ba a saba jin sa a bakin manya ba. In akwai mai cin tuwo kusa da akwatin rediyo, ya yi haƙuri ya gama tukuna. Amma Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yau tarihin kalma ɗaya za mu bi, mu ga inda ta fito da inda ta faɗa, sa'an nan mu komo gida mu dubi namu kalmomin.

Kalma biyu a takardar likita

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibitin Tasawa ko na Mayahi ko babban asibitin Maraɗi, aka ce sai an yi awon bayan gida, in ya duba takardar da aka ba shi zai ga an rubuta "selles" da Faransanci, ana faɗinta "sel". Wanda kuwa ya tsallaka iyaka neman magani Katsina ko Daura ko Kano, a tasa takardar zai ga "stool" da Ingilishi, ana faɗinta "situl". To, abin mamaki shi ne, in ka buɗe ƙamus za ka tarar asalin ma'anar kowace ɗaya daga cikinsu abin zama ne, wato kujera. Me ya gama kujera da bayan gida? Ga yadda abin ya faru.

Yadda kujera ta faɗi

Fiye da shekara 1,000 da suka wuce, a tsohon harshen mutanen Ingila, "stool" na nufin duk abin zaman mutum ɗaya, har da gadon sarautar sarki. Kalma ce mai daraja a wancan zamani. A shekarar 1066 mayaƙan Normandi masu magana da Faransanci suka ƙetaro teku suka ci Ingila da yaƙi. Harshensu ya zama harshen fada, kalmominsu na kujerar manya da gadon sarauta suka shiga bakin mutane. Sannu a hankali tsohuwar kalmar ta koma sunan ƙaramin abin zama mara majingini, irin wanda mu muke kira kujera ƴar tsugunno.

A ƙarni na 15 masu hali na Ingila suna da wani akwati na katako a ɗakin kwanansu. An huda samansa, an sa kasko a ciki, an yi masa murfi. Ingila ƙasa ce mai tsananin sanyi, mai kuɗi ba ya son fita waje cikin dare, sai ya zauna bisa akwatin nan ya biya bukatarsa, da safe bara ya ɗauki kaskon ya zubar. Suka sa wa akwatin suna rufaffiyar kujera. In mutum zai je wurin, sai ya ce zai tafi kujera. Zuwa wajen shekarar 1530 sunan ya tashi daga kan akwatin ya koma kan aikin da ake yi a kansa, daga nan kuma ya koma kan abin da ke fita. Likitoci suka riƙe kalmar don ba ta da nauyi a baki, har ta iso takardar asibitin Katsina.

A fadar Ingila har sarauta aka yi ta wannan kujera. Akwai bafade guda wanda aikinsa shi ne kula da akwatin sarki, da ruwan wanke hannu, da tsumman shafa, yana tsaye kusa lokacin da sarki ke zaune. Kada ku ce aikin wulaƙanci ne. Wanda ke ganin sarki shi kaɗai, a lokacin da ko waziri ba ya shiga, kunnen sarki a hannunsa yake. A zamanin Sarki Henri na 8, wanda ya yi mulki daga 1509 zuwa 1547, ƴaƴan manyan gidaje ne ke riƙe wannan muƙami. Na farkonsu, Wiliyam Kwamton, ya tara dukiya mai yawa. Wanda ya gaje shi, Henri Noris, kusancin ne ya ci shi, don a 1536 aka tuhume shi tare da matar sarki, aka fille masa kai. Na ƙarshensu a wannan zamani, Antoni Deni, shi ne ya iya buɗe baki a 1547 ya gaya wa sarki cewa ajali ya matso, ya shirya. Ba a soke wannan sarauta ba sai a 1901. Mu ma mun san irin wannan a ƙasar Hausa, inda bayin sarki kamar Shamaki da Sallama da Kilishi a fadar Kano suka sami ƙarfin faɗa a ji saboda kusancinsu da jikin sarki.

Tsohuwar darajar kalmar ba ta ɓace gaba ɗaya ba. Da Turawan Ingila suka zo ƙasar Asante, wadda kakanninmu fataken goro suka sani sarai, da wannan kalma suka kira kujerar zinariya ta Kumasi, wadda Asantawa suka ɗauka a cikinta ran al'ummarsu yake, ko sarkinsu ba ya zama a kanta. A watan Maris na 1900 gwamnan Ingila mai suna Hojsin ya ce a kawo masa ita ya zauna. Wannan magana ta ta da yaƙi, wata sarauniya mai suna Ya Asantewa ta ja gaban mayaƙa. Kun ga ke nan, kalma ɗaya a bakin mutum ɗaya, ga kujerar da aka zubar da jini dominta, ga kuma abin da ake kai wa mai awo a cikin ƴar kwalba.

Faransanci da Larabci

Faransawa ma hanyar da suka bi ke nan. Kalmarsu ta fito daga harshen Latin, inda take nufin abin zama, kuma har gobe da ita suke kiran sirdin doki. Su ma sun yi kujera mai huda, har an san Sarki Luwi na 14 yakan gana da fadawansa yana zaune a kanta. Kalmar "kabine" da muka ara wurinsu, asalinta ƙaramin ɗaki ne na keɓewa. Jamusawa kuma in za su faɗi abin cikin ladabi, tafiya kujera suke cewa.

Wanda ya yi karatun zaure, ya karanta Ahalari ko Ishmawi ko Risala, ya ji malam yana cewa bawali da ga'iɗi a babin abubuwan da ke warware alwala. Ita "ga'iɗi" asalin ma'anarta a Larabci kwari ne, wato wuri mai gangare. Balaraben hamada ba shi da kurmin da zai shiga, sai ya nemi kwari inda ido ba zai gan shi ba. Kalmar ta zo a Suratun Nisa'i da Suratul Ma'ida, a ayoyin da suka yi maganar taimama. A nan ma sunan wuri ne ya koma sunan abin da ake yi a wurin.

To, ku lura da wannan, don shi ne ginshiƙin hirarmu ta yau. Ɗan Adam ko'ina yake yana jin kunyar kiran abin nan da sunansa, sai ya ɓoye shi bayan sunan wurin da yake zuwa. Saboda haka in ka bi kalmar a hankali, za ta nuna maka inda kakannin masu harshen suke zuwa. Bature kujera, Balarabe kwari. Bahaushe fa?

Namu kalmomin

Sunan abin na ainihi a Hausa shi ne kashi. Yaro ƙarami a ce ya yi tutu. Malamai su ce najasa, wadda aro ce daga Larabci. Amma babban mutum a gaban jama'a ba ya cewa ko ɗaya, sai ya ce zai zagaya, ko zai kewaya, ko zai kama ruwa, ko zai fita daji. Daga nan muka sami makewayi. Muka sami ban ɗaki, wato bayan ɗaki. Muka sami bayan gida, wadda ta bi sawun kujerar Turawa daidai wa daida: da farko wuri ne, can bayan darni inda ba kowa, daga baya ta zama sunan aikin, yau kuma har a ce an kai bayan gida awo, ko a ce bayan gidan yaro ya yi ruwa.

Dubi kuma kalmar gudawa. Tsofaffi har yanzu sukan ce gudun dawa, dawa kuwa daji ne. Wato ciwon da ke sa mutum ya riƙa sheƙawa daji a guje. Kalmar da kanta ta ba da shaida cewa a zamanin da aka raɗa ta, daji ne makewayin yawancin mutane.

Wannan ba ya nufin Bahaushe bai san ramin bayan gida ba sai da Nasara ya zo. Muna da salga, wasu su ce salanga, muna da masai, muna da shadda, duk sunayen rami ne da ake ginawa cikin gida. A birane masu ganuwa kamar Katsina da Kano da Damagaram, inda gida ke manne da gida kuma matan aure ke cikin kulle, ba yadda za a yi a zauna ba rami. Kalmar ma ta yi tafiya tare da fatake, don Zabarmawa suna cewa salanga, Yarabawa suna cewa shalanga. Mutumin ƙauye ne bai ga dalilin wahalar gina ba, tun da daji na nan bayan darninsa, ga sabara, ga kalgo, ga kaba.

Ɗalibanmu na karatun manya, ga wani abu na rubutu da za ku riƙe. Kashi na bayan gida, da kashi na rabo kamar a ce kashi 10 cikin 100, a rubuce iri ɗaya ne, amma a baki na farko ana jan wasalinsa. Bayan taron Bamako na 1966 a nan Nijar an riƙa rubuta dogon wasali sau biyu, sai a rubuta "kaashii" don a bambanta. Bayan taron Yamai na 1980, wanda ya daidaita rubutunmu da na Nijeriya, aka bar wannan, yanzu ma'anar jimla ce ke raba su. Shi kuwa ƙashi na jiki, lanƙwasar kan harafin farko ita kaɗai ta raba shi da sauran. Wanda ya manta da ƙugiyar nan ya rubuta wa mahauci takarda a aiko masa da nama mai ƙashi, ya ja wa kansa abin dariya. Haka shadda: akwai ta ɗinka babbar riga, akwai ta karatun allo, akwai ta bayan gida.

Ranar da daji ya ƙare

Kalma takan daɗe fiye da abin da ya haife ta. Turawa sun bar akwatin katako tun tuni, amma suna nan suna cewa kujera. Mu ma muna nan muna cewa bayan gida da fita daji, alhali dajin ya tafi.

Ga lissafi. Ƙidayar jama'a ta 1977 ta sami mutum miliyan 5 da ƴan kai a Nijar duka. Ƙidayar 2012 ta sami miliyan 17. A wannan ƙidaya ta 2012, gundumar Tasawa ta haura mutum 500,000, ta Mayahi ma haka. Dattawan da ke saurarenmu sun san lokacin da tsakanin gari da gari akwai dajin da kura ke kuka, ana barin gona ta huta shekaru. Yau gona ta haɗu da gona, hatsi ya zo har gindin darni. Bayan gidanka ƙofar gidan wani ne, ko gonarsa, ko hanyar da matansa ke bi zuwa rijiya.

Duk da haka al'adar ba ta sake ba. Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna a 2022 wajen mutum 2 cikin 3 na ƴan Nijar a fili suke biyan bukata, kuma ƙasarmu na cikin waɗanda abin ya fi yawa a duniya. A ƙauyuka ya fi haka. Da rani rana takan busar da shi, iska ta ɗebo ƙurar ta zuba cikin rijiya da kan tallan abinci. Da damina ruwan farko ya share shi zuwa tabkin da yara ke wanka, dabbobi ke sha, mata ke wanki. A kwarin Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Tasawa da Mayahi, ruwan ƙasa ya fi kusa da sama bisa ga na tudu, ga shi ƙasar rairayi ce mai saurin tsotsewa. Ƙuda kuwa ba ruwansa da rani ko damina, ya tashi daga can ya sauka bakin ƙwaryar fura.

Mata su suka fi shan wahalar wannan hali. Saboda kunya sai su riƙe tun safe har duhu ya yi, ko su yi sammako kafin asuba, ga maciji da kunama, ga miyagun mutane.

Abin da rijiyar Landan ta koya wa duniya

Turawan da suka yi wa abin suna mai ladabi, ladabin bai tsare su ba. A ƙarni na 19 birnin Landan cike yake da ramukan bayan gida da ke tsiyaya, kwalara tana ta kashe dubbai, masana kuwa suna cewa mugun wari ne ke kawo ta. A 1854 ciwon ya faɗa wa wata unguwa mai suna Soho, ya kashe mutum fiye da 600. Wani likita, Jon Sino, ya bi gida gida yana tambaya, ya zana taswirar unguwar, ya sa alama a duk gidan da aka yi mutuwa. Sai ga alamun sun taru kewaye da famfon rijiya guda. Ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Da aka tona daga baya, aka tarar ramin bayan gidan wani gida yana dab da rijiyar, tsakaninsu bai fi taki ɗaya ba, kuma a cikinsa aka zuba ruwan wankin tsummokin wata jaririya mai zawo. A 1883 da 1884 likitan Jamus Robat Kok ya bi ciwon har Masar da Indiya, ya nuna ƙwayar cutar da ke haddasa shi.

Mu a nan, annobar kwalara da ke yawo har yanzu ta taso ne daga Indunusiya a 1961. Ta sauka Gine a watan Agusta na 1970, ta bi bakin teku, ta kuma bi kogin Kwara ta Mali. Kafin 1971 ta ƙare ta game Nijar da arewacin Nijeriya har tafkin Cadi. Tun daga ran nan ba ta yi ƙaura ba, takan yi kwanto ne ta taso. A watan Yuli na 2018 ta ɓulla a Madarumfa ta bazu, ta kama mutum fiye da 3,500, fiye da 70 suka riga mu gidan gaskiya, kuma jahar Maraɗi ce ta fi jin jiki. A 2021 ta komo, ta kama fiye da 5,000 a faɗin ƙasa, aka rasa fiye da 150. Allah ya jiƙansu.

Ba kwalara kaɗai ke bin wannan hanya ba. Atuni, da zazzaɓin hanji, da tsutsar ciki, da shan inna, da zawon yara na yau da kullum, duk daga kashin wani suke shiga bakin wani. Zawo da tamowa kuwa ɗan juma ne da ɗan jummai: yaro mai zawo abinci ba ya zama jikinsa, yaro mai tamowa zawo ya fi saurin kada shi.

Inda kunya ke da tsada

Kunya ado ce, ba mai musun wannan. Amma akwai wuri biyu da ba ta da amfani. Na farko gaban likita. Uwa ta kawo yaro, a tambaye ta me ke damunsa, ta sunkuyar da kai ta ce cikinsa ne, ko ta ce haƙora yake yi. Likita ba boka ba ne, da abin da aka gaya masa yake aiki. Yana bukatar ya ji sau nawa yaron ya yi tun jiya, kwana nawa ke nan, ruwa ne ko da kauri, akwai jini ko majina, yana amai ko ba ya yi. In ya yi fari tsararo kamar ruwan da aka wanke shinkafa, wannan alamar kwalara ce, ba a kwana da ita a gida, don tana iya kashe ƙato cikin yini ɗaya. In da jini, maganinsa dabam ne. A Ingila ma, a 1997 a birnin Biristol aka fitar da wani allo mai zane iri 7, daga mai tauri kamar kashin awaki har zuwa ruwa zalla, mara lafiya ya nuna da yatsa kurum.

Abin da ke kisa a zawo shi ne ƙarewar ruwan jiki. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta faɗa sansanin ƴan gudun hijira a Bangawon ta ƙasar Indiya, ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya ƙare. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari cikin ruwa ana ba mutane da kofi. Mutuwa ta sauko daga wajen 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4 cikin 100. Wannan shi ne asalin ƙunshin garin da ake bayarwa a gidajen likita. A zuba ƙunshi ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In babu shi kusa, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya, a riƙa ba yaro kaɗan kaɗan ana kan hanyar likita. Kada a janye masa nono, kada a hana shi abinci. Tun 2004 kuma ana haɗawa da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14.

Wuri na biyu shi ne taron gari. A ƙarshen 1999 da farkon 2000, wani masani ɗan Indiya mai suna Kamal Kar ya je wani ƙauye a yankin Rajshahi na Bangaladash, inda aka daɗe ana gina wa mutane makewayi kyauta suna mai da shi rumbu ko akurkin kaji. Shi bai kawo siminti ba, bai kawo kuɗi ba. Sharaɗinsa na farko shi ne a ajiye kalmomin ladabi, a kira abin da sunan da kowa ke jin nauyinsa. Ya sa mutanen gari suka zaga da shi inda suke zuwa, suka tsaya a wurin. Suka zana garinsu a ƙasa, kowa ya sa alama inda gidansa ke yi. Suka lissafa da kansu buhu nawa ake tarawa a shekara. Sa'an nan ya tambaye su ina yake tafiya. Da bakinsu suka ce ashe na junansu suke ci. Kafin a daɗe kowane gida ya gina raminsa. Wannan dabara ta iso Nijar a 2009, kuma garuruwa da dama sun karɓi shaidar barin kashi a fili. A 2013 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsai da 19 ga watan Nuwamba ta zama ranar makewayi ta duniya.

Ku duba ikon Allah. Shekara 500 mutane suna neman kalmar da za su rufe abin da ita, sai ga shi maganin ya fara daga ranar da aka buɗe baki aka faɗi sunansa.

Addininmu ma bai ɓoye wannan magana ba. Littattafan fiƙihu da muka ambata sun yi bayanin tsarki filla filla, malam na karantar da shi gaban ɗalibai ba ya jin nauyi. Hadisi kuma ya yi hani mai tsanani ga biyan bukata a kan hanya, da inuwar da mutane ke hutawa, da mashayar ruwa. In an duba, wuraren da likitoci ke gargaɗi a kansu ke nan.

Abin da ya rage gare mu

Gina salga ba ya bukatar jiran gwamnati ko baƙi. A nisanta ta da rijiya kamar mita 30, wato wajen taki 40 na babban mutum, kuma ta kasance ta gangaren rijiyar. A ƙasa mai rairayi irin ta Mayahi a ɗaure bakin ramin da tubali ko dutse, don kada ya rufta da damina. A yi mata murfi saboda ƙuda. A ajiye buta da sabulu a ƙofa, in babu sabulu toka ma tana yi. Kashin jariri kuma a zuba shi cikin ramin, a bar cewa ba shi da illa, don kun ji abin da tsumman jaririya ɗaya ya yi a Landan. Kuma aikin na gari duka ne. In gida 99 sun gina, gida ɗaya ya ƙi, ƙudan gidan nan ɗaya zai ziyarci kowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga tambayoyin da za ku tattauna a azuzuwanku da majalisunku kafin mako mai zuwa:

1. Waɗanne kalmomi ake amfani da su a garinku in za a ambaci wannan abu? Ku rubuta su a allo, ku duba wace ce sunan wuri.

2. Ku tambayi dattijo mafi shekaru a garinku ina daji ya tsaya lokacin ƙuruciyarsa, ina kuma ya tsaya yau.

3. Gida nawa ke garinku, nawa ne ke da salga? Taki nawa ne tsakanin rijiyarku da inda yara ke tsugunno?

4. Mene ne ke hana waɗanda ba su gina ba, kuma da me maƙwabta za su taimake su?

Malamin aji ya tattara amsoshinku ya aiko mana, za mu karanta su a wannan fili. Jama'a, mu ci gaba da cewa bayan gida a gaban surukai, wannan tarbiyya ce. Amma gaban likita da gaban taron gari, a faɗi magana yadda take. In kunne ya ji, jiki ya tsira.